Kurkunu da Tarihin Ruwan Sha a Karkara

Masu iya magana sun ce ruwa abokin aiki. Amma tarihin kurkunu ya nuna cewa ruwan da ya zama abokin mutanen birni ya daɗe yana nakasa mutanen karkara. Cutar takan shiga jiki ne idan aka sha ruwan kududdufi ko na tafki mai ɗauke da ƙwayoyinta. Bayan kamar shekara guda sai tsutsar ta huda fata, galibi a ƙafa, tsawonta ya kan kai mita ɗaya. Zafin ƙuna kan sa majiyyaci tsoma ƙafarsa cikin ruwa, sa'an nan tsutsar ta zuba 'ya'yanta, cutar ta sake zagayowa. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, sai dai a riƙa naɗe tsutsar a tsinke sannu a hankali. A ƙasar Hausa da damina ta fi ɓulla, watau daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ƙafarsa.

Bayan taron Mar del Plata na 1977, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 don samar wa kowa tsabtataccen ruwa. Burin bai cika ba, amma daga nan yaƙi da kurkunu ya samo tushe. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a shekara, a Afirka da Asiya. Ƙidayar farko a Nijeriya, ta 1988 zuwa 1989, ta gano sama da mutum 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Cibiyar Jimmy Carter ta shiga aikin, daga baya Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana faɗakarwa. An raba ƙyallayen tace ruwa, an zuba magani a tafkuna, an haƙa rijiyoyin burtsatse. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar, Ghana kuwa a 2015. A 2023 mutum 14 kacal suka kamu a duniya duka.

Sai dai lalle a lura, a ƙauyuka da yawa ƙyallen tacewa ne ya kori tsutsar, alhali kududdufin yana nan. A 2022 kimanin mutum biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha, kuma karkara ce ta fi ɗaukar nauyin rashin. Ma'aikacin da ke tsara kasafin ruwa ya kamata ya fara da waɗannan ƙauyuka, domin kwalara da taifot har yanzu daga gurɓataccen ruwa suke shiga gidajensu.