Fartanyar da Ta Biya Kuɗin Makka

A ƙauyukan ƙasar Wudil irin su Lajawa, shekarar manomi tana ƙarewa ne ranar da aka ɗaure damin dawa na ƙarshe aka kai rumbu. Daga nan har saukar ruwan fari, wata shida ko bakwai, gona ba ta da bukatar kowa. Wannan giɓi ne ya haifi cin rani: saurayi ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi birni ko wata ƙasa neman ƙodago, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya dawo da kuɗin haraji da tufafi kafin shuka. Amma a rabin farko na ƙarni na 20 akwai waɗanda suka haye kogin Wudil suka miƙa gabas, damina ta zo ta wuce ba su juyo ba. Makka suka nufa, kuma ba su da wani guzuri da ya wuce fartanya.

Hanyar ta daɗe, amma shekarar 1903 ce ta cika ta da talakawa. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, manoma da malamai da yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Daga nan mai fita daga ƙasar Hausa ya san cewa a can gaba akwai masu jin harshensa da za su ba shi masauki. Faransa ta kama Abeche a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916 bayan kashe Sultan Ali Dinar, yaƙe-yaƙen kan hanya suka lafa, tafiya ta yi sauƙi ga wanda ba shi da doki ko rakiya.

Kayan matafiyi ba su da yawa: buzun salla, buta, goran ruwa, sanda, da burgami mai ɗauke da gari da 'yan layu. Almajiri ya ƙara allo. Mai iyali yakan sami jaki ya ɗora yara da tukunya. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000, kuma babu talakan da zai iya ɗaukar abincin wannan nisa a kansa. Saboda haka aka yanka tafiyar gunduwa-gunduwa bisa kalandar noma. Da rani a yi tafiya, saboda hanya ta bushe, rafuka sun janye. Da damina a tsaya, a ari gona ko a yi wa mai gona ƙodago, a girbe, a sayar, a ɗaura ɗamarar zango na gaba. Wanda ya bar ƙasar Kano bayan kaka zai iya yin damina ta farko a Borno ko kusa da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, ta biyu a Wadai, ta uku a Darfur. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan hanya an gwada maganar har iyakarta.

Ga mutumin da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, inda Dala da Gwauron Dutse su ne abin nuni, Darfur ce wurin mamaki. Bayan garin Geneina ƙasa takan fara tashi har ta kai duwatsun Jabal Marra, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 3,000. Hanya ɗaya ta bi ta arewacinsu zuwa Fashir, ɗaya ta bi ta Zalingei zuwa Nyala. A jikin duwatsun, manoman Fur sun sassaƙa gonaki hawa-hawa, sun tokare kowanne da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, suna noma gero da alkama da albasa da ruwan ƙoramu masu gudu har cikin rani. Sanyin dare a can ya fi ƙarfin rigar saƙi guda. Amma ƙasa ce mai ruwa da abinci, kuma garuruwan gindin dutsen sun zama wurin da ayari ke hutawa ya sake tara guzuri kafin ya shiga yashin Kordofan, inda aikin rani shi ne tsagar itacen ƙaro da tattara shi. A El Obeid, wadda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912, mai kuɗin tikiti yakan huta da tafiyar ƙafa.

Zango mafi girma shi ne Gezira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe gandun auduga na ban-ruwa wanda kamfanin Sudan Plantations Syndicate ke gudanarwa don ciyar da masaƙun Lancashire a Ingila. An yanka ƙasa aka raba wa manoman haya, kowanne da kason kashi 40 cikin 100 na kuɗin audugar. Sai dai auduga shuka ce mai cin hannu. Daga watan Janairu zuwa Afrilu dole a cire ta kafin ta zube, kuma iyalin manomi ɗaya ba su isa ba. Nan bukatar gandu ta haɗu da bukatar maniyyaci. Mutanen yamma, waɗanda 'yan Sudan ke kira Fallata ko Takari ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba, suka zama ƙashin bayan aikin cira da shema da yashe magudanan ruwa. Hukumomin Turawa sun yi maraba da su, don sun iske manoma ne da suka san auduga tun daga gida.

Lissafin kuwa mai wuya ne. Sai an tara kuɗin jirgin ƙasa zuwa Suwakin ko Port Sudan, da na jirgin ruwa zuwa Jidda, da kuɗaɗen da ake biya a Hijaz, da na komawa gida. Shekarar da auduga ta yi kyau, buri ya matso. Shekarar da ciwo ko bashin ɗan kasuwa ya shigo, a koma farko. A cikin jiran aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka binne iyaye. Masanin ƙasa J. S. Birks, wanda ya bi sawun wannan hanya a littafinsa na 1978, ya nuna yadda tafiyar ke cin shekaru. C. Bawa Yamba kuma, a bincikensa da ya fito a 1995, ya iske ƙauyuka a Sudan inda jikoki da tattaɓa-kunnen matafiya, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Makka ba, ke kiran kansu mahajjata da ke kan hanya.

Wannan suna ya zo da tsada. Dokokin zama ɗan ƙasa na Sudan na 1948 da 1957 sun ɗora hakki a kan zaman kakannin mutum a ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar yawancin waɗanda suka zo bayan Burmi a matsayin baƙi a gonakin da hannunsu ya raya. A gida kuma zamani ya wuce su: daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, tafiyar shekara bakwai ta koma ta yini guda, hanyar ƙasa ta yi ta mutuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gonar da aka bari a hannun ƙane ta shiga rabon gado.

Tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta kwanta ba. A watan Yulin 2022 rikici kan filaye da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, mutane fiye da 100 suka mutu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartoum da Kassala. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani, babban birnin Gezira, a watan Disamba na shekarar, ya tarwatsa ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona.

A Lajawa da maƙwabtanta har yanzu samari na ɗaure jaka bayan kaka, sai dai yanzu motar Legas ko Abuja ko Fatakwal suke shiga, kuma waya na sanar da gida inda suka kwana. Kakanninsu da suka bi gabas ba su da wannan. Labarinsu yakan iso ne ta bakin wani alhaji da ya dawo bayan shekaru, ya ce ya bar wane a Gezira yana cirar auduga, saura kaɗan kuɗinsa ya cika.