Ɗan akwatin da Baba ya hana a cire: zare kan wayar girke 🧵

1/ Da na je hutu gida Zariya na tarar ana fenti. Mai fenti ya ɗauko sukundireba zai ɓalle wani ɗan akwati mai ruwan toka a bangon zaure, sai Baba ya ce, "Malam, kar ka taɓa wannan!" Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa tambaya ba sai ranar. Ku biyo ni.

2/ Ashe akwatin haɗa wayar tarho ne, wato wayar girke. Wayar da ta taso daga turken bakin titi a cikinsa take haɗuwa da wadda ta shiga falo. Silin jan ƙarfe biyu ne kacal, kowanne ɗaure da ɗan noti. Aikin akwatin shi ne kare mahaɗar daga ruwa da ƙura.

3/ Mu ɗan koma baya. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, don saƙonnin Turawan mulki da 'yan kasuwarsu. Har muka samu 'yanci a 1960, layukan tarho a ƙasar nan ba su kai 20,000 ba.

4/ A 1985 gwamnati ta haɗe sashen waya na hukumar P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka samu NITEL. Zuwa 2001 layukan da ake da su kimanin 400,000 ne, ga mutane sama da miliyan 120. Ku yi lissafi: kusan mutum 300 a kan layi ɗaya fa!

5/ Shi ya sa gidan da ke da waya ya zama gidan kowa. Baba ya ce ta gidanmu ita ce ta layinmu gaba ɗaya. A bugo daga Legas a ce a kira wance, za a sake bugowa bayan minti goma, yaro ya ruga a guje. Wasu gidajen har ɗan kwaɗo suke sa wa wayar saboda masu satar kira. 😂

6/ Kowane gari da lambarsa: Zariya 069, Kaduna 062, Kano 064, Sakkwato 060, Legas 01. Kuma ko NEPA ta ɗauke wuta wayar tana aiki, don wutarta daga cibiyar waya take zuwa ta cikin silin nan biyu, kimanin bolt 48. Ba caji, ba neman janareta.

7/ To ga labarin akwatin. A 1997 Kaka, mahaifiyar Baba, ta tafi aikin Hajji. Ranar 15 ga Afrilu gobara ta tashi a tantunan Mina, mutum sama da 300 suka rasu. A rediyo aka ji. Alhazai uku ne daga layinmu, kuma dukkansu lambar gidanmu suka tafi da ita a rubuce.

8/ Baba ya ɗaga kan waya, shiru. Ko ƙarar nan ta "tuuu" babu. Dama ta yi makonni tana ƙararraf-ƙararraf, ana cewa gobe a duba, gobe a duba. Ga zaure ya cika da mutane, mata na salati, kowa ya zuba wa wayar ido, bai san matacciya ba ce.

9/ Laifin na gida ne. Shekarar da ta gabata, da ake gyaran rufi, lebura ya tsinke wayar, aka murɗe bakin biyu aka naɗe da salatif. Ruwan damina ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore, ya ci ya ci har sili ɗaya ya rabu a cikin naɗin. Daga waje kuwa ba ka ganin komai.

10/ Wani maƙwabci mai gyaran rediyo ne ya gano. Ya kawo tsohon akwati daga shagonsa, ya yanke inda ya ci tsatsa, ya feƙe sabon baki har ya yi ja, ya ɗaure kowane sili da ɗan'uwansa a noti. Ba ya taɓa su biyun tare, ya ce in kira ya shigo wutar tana fizgar mutum.

11/ Dabararsa da ta burge ni: ya kafa akwatin a ƙarƙashin inuwar rufi, ramin shigar waya yana kallon ƙasa, sannan ya bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga. In ruwa ya biyo ta, a lanƙwasar zai ɗiga. Baba ya ɗaga kai, sai ga "tuuu".

12/ Kwana biyu ba wanda ya yi barcin kirki. Daren na biyu ta yi ƙara. Kaka ce, muryarta can nesa: "Ku kwantar da hankalinku, lafiyarmu ƙalau, mu duka uku." Baba ya ce mutanen da ke zaure ba su bari ya ji sauran maganar ba saboda kabbara.

13/ A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, kira Naira 50 a minti. Glo ta shigo 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Daga nan wayar girke ta fara shan ƙura a falo.

14/ NITEL kuwa an yi ta neman mai saye. Transcorp ta karɓa a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009. Daga baya NATCOM ta sayi kadarorinta, ta fito da ntel a 2016. Layinmu dai ya mutu tun kafin in yi wayo.

15/ Mu da muka taso da waya a aljihu, kowa da lambarsa, da wuya mu gane yadda unguwa guda za ta rataya a kan sili biyu. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mai fenti ya zagaye akwatin da burushi ya bar shi yadda yake.

16/ Baba har yau ya haddace lambar, alhali tawa sai ya duba. Ku tambayi iyayenku a daren nan: ina aka riƙa zuwa amsa waya a unguwarku? Wanda ya samo lambar garinsu ya ajiye mana a ƙasa. 👇