Tsakanin Damagaram da Kano: tarihin nisan kwana goma da na rabin awa

A cikin wannan ɗan bincike muna so mu duba abin da ake kira nisa tsakanin Damagaram da Kano. A taswira, idan an ja layi miƙe, bai wuce kilomita 200 da ƴan kai ba. Ta hanyar mota kuwa, ko an bi Matamai da Daura ko an bi Magarya, wajen kilomita 240 ne. Jirgin sama mai tafiyar kilomita 400 a awa zai gama shi cikin kusan rabin awa. A ganinmu, waɗannan alƙaluma ba su faɗi gaskiyar zancen duka ba, domin hukuma ce ta riƙa kusanto da garuruwan biyu ko ta nisanta su.

A zamanin sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram zango ce a kan hanyar ayarin da ke haɗa Kano da Agadas, har zuwa Tarabulus. Idan muka ɗauka ayari na cin kilomita 25 a yini, tafiyar kwana goma ke nan. Ga fatake wannan ba nisa ba ne: suna da masauki a can, suna da mai ba su bashi, harshe ɗaya ne, kuɗin ma wuri ne a ko'ina.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gitta iyaka a tsakani. Amma abin lura shi ne, iyakar ba ta raba su nan da nan ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Damagaram ta zama babban birnin yankin soja na Nijar, hanya mafi sauƙi daga Damagaram zuwa teku ta Kano da Ikko take bi. Gujiya da fatu can suka nufa. Wannan kusanci yana cikin dalilan da masu tarihi ke kawowa, tare da ƙarancin ruwa, na mayar da babban birni Yamai a 1926, wato kusan kilomita 900 yamma. Daga baya, a shekarun 1950, tsarin Opération Hirondelle ya yi ƙoƙarin karkata gujiya zuwa Paraku da Kwatano.

Jirgin sama bai gyara wannan ba. Ya fara sauka Kano a 1925, kuma filin Kano ya zama babban zangon jiragen da ke ƙetare Sahara daga Turai. Amma bayan 1960 an shimfiɗa hanyoyin sama bisa tsarin ƙasa: kamfanin Air Niger ya haɗa Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, Kano kuma ta fuskanci Ikko. Saboda haka rabin awar da muka lissafa a sama ta zauna a takarda, jama'a suka ci gaba da bin mota, suna ƙirga tafiya da yawan shingen duwan da jandarma.

Har wannan ma ba kullum ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. A waɗannan lokuta, ɗan kasuwar Birni ko Zango da ke da kaya a Kantin Kwari ya koma bin hanyoyin daji, galibi da dare, ta inda ayari ke bi a da.