Daga barajin Ibohamane zuwa furojen Keita: yadda muka koyi tare ruwa daga tudu

Yau za mu koma baya kaɗan mu duba tarihin ruwa a ƙasarmu ta Adar, don halin da barajin Ibohamane ke ciki ba jiya ya faro ba.

Duk wanda ya san Keita, Buza da Madawa ya san ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke damun mu ba. Ruwan na zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya sauka bisa dabagi da fako, bai tsaya ya shiga ƙasa ba, sai ya bi ƙoramu ya kwashe ƙasar gona ya tafi da ita.

A ƙarshen shekarun 1960, zamanin shugaba Diori Hamani, aka gina barajin Ibohamane, aka yanka gandari mai ɗaruruwan hekta a gindinsa. Manoma suka riƙa noman dawa da auduga, audugar kuma ana kai ta Madawa gurza. Daga baya ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ta ɗauki kula da irin wannan gandari tare da ƙungiyoyin manoma. To amma an tare ruwa a kwari, an bar tudu tsirara. Kowace damina ƙorama na kawo rairayi da laka ta zuba cikin barajin, wurin ajiyar ruwa na ta cikewa.

Sai ga farin 1973, sannan na 1984, wanda yunwarsa dattawa ke kira El Buhari. Itatuwa suka mutu, maza suka watse bida zuwa Abijan, Najeriya da Libiya. A shekarar 1984 ɗin nan, zamanin Seyni Kountché, aka soma aikin raya karkara na Adar Dutsi Majiya, wanda kowa ya sani da furojen Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta kawo masana ƙarƙashin jagorancin Renato Carucci, hukumar PAM kuma ta biya ma'aikata da abinci.

Dabarar wannan karon daban ce: daga sama aka faro. Bisa dabagi aka yi kunyoyin duwatsu masu riƙe ruwa. A gangaren dutse aka haƙa ramuka da diga, aka dasa itace a ciki. Cikin ƙoramu aka jera gabiyon, wato duwatsu cikin ragar waya, don karya ƙarfin ruwa. A kwari kuma aka yi ƙananan baraji da gine-ginen da ke baza ruwa cikin fadama, ya nutse, rijiyoyi su samu.

Wa ya ɗauki duwatsun nan? Mafi yawa iyayenmu mata ne. Maza na bida, su kuwa da goyo a baya, dutse a kai, cikin zafin bazara. Wallahi duk wanda zai ba da labarin Keita bai sa su gaba ba, bai faɗi labarin duka ba.

Daga 1991 aikin ya kai Buza da Abalak. Zuwa farkon shekarun 2000 an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an yi baraji wajen 40, da hanyoyi sama da kilomita 300. Wuraren da ko akuya ba ta tsayawa suka ba da gero, noman rani ya bunƙasa.

Yanzu kuɗin Italiya sun ƙare, buhunan PAM sun tafi wani wuri. Gabiyon kuwa wayarsa na tsinkewa, ramin itace na cikewa, itacen da aka dasa ana sare shi a sayar. In tudu ya sake komawa tsirara, ko an yashe barajin Ibohamane yau, rairayi zai dawo ya cike shi.

Don haka in wani furoje ya zo da maganar gyaran baraji, mu tambaye shi me ya tanada wa tudun da ke bisa. Magadan gari, hakimai da ƙungiyoyin manoma su kuma su tsayar da ranakun gayya kafin damina, a gyara kunyoyi da gabiyon tun ɓarakar tana ƙarama. Baƙo ya taimaka ya tafi, mu ne za mu sha ruwan ko mu rasa shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa iyayenmu mata da alheri.