Tsohuwar Talabijin: Tsakanin Ƙarko da Ƙaranci

Wata ranar Asabar ina dawowa daga kasuwa, sai na tarar da wani yaro ɗan gwangwan a bakin layinmu ya ɗora wa wata tsohuwar talabijin guduma. Irin mai akwatin katakon nan ce, mai ƙafa huɗu da ƙofofi biyu waɗanda ake ja a rufe mata fuska in an gama kallo. Na tambaye shi nawa ya saye ta, ya faɗa mini kuɗin da ba su kai na kwanon gero biyu ba. Abin da yake nema a cikinta shi ne jar wayar da ke naɗe a wuyan kwalbar hoto. Katakon kuwa na mai ƙosai ne, gilashin na bola. Ban hana shi ba, domin ba ni da hurumin yin haka, amma dai na tsaya har ya gama.

Wannan ne ya tuna mini cewa a Ingila da Amurka akwai mutanen da ba su da wani abin sha'awa da ya wuce tara irin waɗannan akwatuna. Suna da ƙungiyoyi, suna da tarurruka, har gidan adana kayan tarihi na tsofaffin talabijin zalla aka buɗe a garin Hilliard na jihar Ohayo a 2001. Da na bi tarihin abin da suke tarawa, sai na ci karo da wani al'amari da ya ɗaure mini kai, wato talabijin ɗin da ta fi yi wa mai ita amfani a zamaninta ba ita ce mai daraja a wurinsu ba. Sau da yawa ma akasin haka ne. Wadda ta ba mutane wahala, ta jawo wa kamfaninta asara, ita ake rububi a kanta.

Bari mu faro daga Landan. Ran 2 ga Nuwamba, 1936 ne BBC ta soma watsa shirye-shiryen talabijin na yau da kullum daga Fadar Alexandra. A lokacin tsari biyu ne ke takara: na John Logie Baird mai layi 240, da na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405. Layi a nan shi ne yawan zaren hasken da ake jerawa daga sama zuwa ƙasa su ba da hoto guda, kamar dai yadda masaƙi ke jera zare ya fitar da fari. Iya yawansu, iya kyan hoton. Sai aka riƙa yin karɓa-karɓa, wannan mako na wancan, mako mai zuwa na wannan. Akwatunan farko dole aka yi musu maɓallin sauyawa daga wannan tsari zuwa wancan. Takarar ba ta yi nisa ba, a farkon 1937 aka ajiye na Baird.

Talabijin ta wancan zamani ba ta talaka ba ce. Marconi samfurin 702 ana sayar da ita fam 99 da sule 15, kuɗin da suka kusa sayen ƙaramar mota sabuwa. Kwalbar hotonta doguwa ce ƙwarai, har ta kai ba za a iya kwantar da ita ba, sai aka tsayar da ita tana kallon sama, aka maƙala madubi a jikin murfin akwatin. Mai kallo madubin yake kallo, ba fuskar talabijin ba. Ran 1 ga Satumba, 1939, kwana biyu kafin Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka rufe tashar, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 1946. A shekaru ukun nan akwatunan da aka sayar ba su wuce wajen 20,000 ba. Wasu bama-bamai suka cinye, wasu aka farke su aka yi wani abu da kayan cikinsu, wasu kuma masu su suka zubar da sababbi suka fito. Waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shi ya sa a 2011 aka yi gwanjon wata Marconi 702 a Landan a kan fam 16,800. Wannan ƙaranci ne na yaƙi, ba laifin maƙerin ba ne.

Bayan yaƙi labari ya sake. Kamfanin Bush ya fitar da samfurin TV22 a 1950, 'yar ƙarama mai fuska inci 9, a cikin akwati na wata roba mai tauri launin ƙasa da ake kira Bakelite. Tana da sauƙin kuɗi, tana da sauƙin gyara. Irinta ce ta cika gidaje lokacin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ran 2 ga Yuni, 1953, ranar da mutum sama da miliyan 20 suka kalla, akasarinsu a ɗakunan maƙwabta. Duk wanda ya taɓa cin ɗamara ya wanke ƙafa don a bar shi ya shiga gidan maƙwabci kallon Samanja ya san yadda irin wannan zama yake. To, saboda an ƙera ta da yawa kuma ba ta saurin mutuwa, TV22 ita ce wadda mai fara tarawa yake soma samu. Kowa na son ta, amma ba ta da tsadar a zo a gani. Sai dai ko an gyara ta ba za ta kama komai ba, domin an daina watsa tsarin layi 405 tun Janairun 1985. Dole mai ita ya nemi wata 'yar na'ura da za ta juya hoton zamani zuwa harshen da tsohuwar take ji.

A Amurka ne wannan magana ta ƙarko da ƙaranci ta fi fitowa fili. Kamfanin RCA ya fitar da 630-TS a 1946, mai fuska inci 10 da bawul 30, wato ƙananan kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da ke ja in sun yi zafi. An yi mata aiki mai kyau, har wasu kamfanoni suka ɗauki tsarin cikinta suka sa a nasu akwatunan. Masu gyara na yabonta har yau. Amma wadda ake wa kallon zinariya a gidan RCA ita ce CT-100 ta 1954, ɗaya daga cikin talabijin masu kala na farko. An sa mata dala 1,000, alhali shirye-shirye masu kala ba su taka kara sun karya ba a mako. Mutane suka ƙi saye. Cikin 'yan watanni aka karya farashin zuwa dala 495. Ba a ƙera fiye da wajen 4,400 ba aka tsaya. Daɗin daɗawa, kwalbar hotonta tana da wani rauni a inda aka haɗa gilashi da ƙarfe: da shekaru suka tura sai iska ta riƙa sulalawa ciki, kwalbar hoto kuwa in ta sha iska ta mutu. Waɗanda aka san suna nan ɗari da 'yan kai ne, masu aiki da kwalbarsu ta asali kuma ba su kai haka ba. Ashe kasawarta a kasuwa da ciwon da ke jikinta su ne suka zama jarinta.

Sai kuma Predicta ta kamfanin Philco, wadda ta fito a 1958. In mai karatu ya taɓa ganin hoton wata talabijin da fuskarta ke zaune daban a bisa akwati, tana juyawa dama da hagu kamar kan mujiya, to ita ce. Kyau kam ba a magana. Amma don a sami wannan siffa sai da aka gajarta wuyan kwalbar hoto, aka cusa kayan ciki a ɗan matsattsen wuri, aka dasa bawul masu zafi a kan allon da aka zana wa hanyoyin wuta. Zafi ya riƙa gasa allon. Masu saye suka yi ta mayar da ita kanti, masu gyara suka tsane ta. A 1960 aka daina yin ta, a 1961 kuma kamfanin motoci na Ford ya saye Philco da ke tangal-tangal. Ba Predicta kaɗai ta kayar da kamfanin ba, amma ta taimaka. Yau ga ta a gidajen tarihi da fina-finai, ita ce sarauniyar tsofaffin talabijin.

Kishiyarta ita ce Zenith. Wannan kamfani ya daɗe yana tinƙaho da cewa da hannu ake ɗaura kowace waya a cikin akwatunansa, ba ya amfani da allon nan mai zane. Talabijin ɗinsa ta riƙa shekara ashirin tana aiki a falo. Sakamakon haka, sai ka ga an ba da ita kyauta ga duk wanda zai iya ɗauka. Ni dai a ganina akwai rashin adalci a nan, amma kasuwa ba ta san wannan ba.

Japan ta zo daga baya ta share fage. Sony ta fitar da Trinitron a 1968, hotonta ya fi na kowa haske, ga ƙarko. An ci gaba da yin ta har 2008, an sayar da miliyoyi barkatai. Da yawanta sai ta zama kamar ruwan rijiya, aka yi ta jibge ta a bakin titi lokacin da masu faffaɗar fuska suka shigo. Abin da ya dawo mata da daraja shi ne masu tsofaffin wasannin bidiyo, waɗanda suka gane wasanninsu ba su yin kyau sai a kan kwalba. A gidan Sony ma dai mai ƙarancin ce ta ciri tuta: wata ƙatuwa mai fuska inci 43 da aka yi a 1989, nauyinta wajen kilo 200, kuɗinta dala 40,000 a Amurka. An daɗe ana zaton babu sauran ko ɗaya, sai aka gano guda a saman benen wani gidan cin taliya a Osaka, aka sauko da ita ana gab da rushe ginin.

To, mu ina muka tsaya a wannan tarihi? Talabijin ta iso Nijeriya ran 31 ga Oktoba, 1959 da aka buɗe WNTV a Ibadan. Kaduna ta samu tata a 1962. Tashar Binuwai-Filato da ke Jos ce ta fara watsa hoto mai kala a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, kantuna suka cika da masu sayen rediyo da talabijin da firiji. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Akwatunan da suka shigo gidajenmu galibi na Japan ne da na Turai: National da Sharp da Sanyo da JVC, sai Philips da Grundig a gidajen manya. Sunan National ma kamfanin ya ajiye shi a 2008, ya koma Panasonic gaba ɗaya, saboda haka duk akwatin da ke ɗauke da wannan suna ba za a sake yin irinsa ba.

Mu ma'auninmu na ƙarko daban ne da na Bature. Ba a tambayar kyan hoto sai an tambayi ko tana jure ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar da za a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi. Akwai 'yar ƙaramar baƙi da fari mai inci 14 da ake jona wa batirin mota, wadda ta kai talabijin unguwannin da ko turken wuta babu. A gidanmu an yi wata mai kala da ba ta shekara biyu ba, wuta ta dawo cikin dare ta ƙone ta, ta koma teburin ajiye kwanuka. Baƙi da farin da aka raina aka kai ɗakin yara ita ta ga aurar da yayyena duka.

Na ce akwai abin da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta. Na karanta rubuce-rubucen ɗalibai da na wasu sababbin marubuta da suka kafa labarinsu a shekarun 1980, sai ka ga Alhaji ya kishingiɗa ya ɗauki rimot ya kunna talabijin, hoto ya fito nan take, da tsakar rana. Wanda ya ga zamanin ya san ba haka abin yake ba. Sai an yaye mata ƙyallen da aka saƙa mata, an buɗe ƙofofi, an murɗa maɓalli, a jira ta yi ɗumi, murya ta riga hoto fitowa. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma. In hoto ya fara birgima a tura yaro ya juya eriya, ana yi masa ihu daga ɗaki. In an kashe, wani ɗan ɗigon haske ya tsaya a tsakiyar fuska yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan akwati ba, daga ina zai samo waɗannan?

Su ma masu tarawa a can ba su tsira ba. Bawul ana samu, ƙananan kayan ciki ana canzawa, katako ana gogewa a shafa masa mai. Kwalbar hoto ce ba ta da madadi. Kamfanin ƙarshe da ke sabunta tsofaffin kwalabe a Amurka ya rufe a 2010, na Faransa ya bi bayansa a 2013. Duk sa'ar da aka kunna tsohuwar talabijin, ana rage wa kwalbarta kwana ne, shi ya sa masu CT-100 ba su kunna ta sai in an yi baƙi.

Da yaron nan ya gama fasa tasa, na roƙe shi ɗan farantin da ke manne a bayanta, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da ƙasar da aka ƙera ta. Ya dube ni, ya dubi farantin, ya auna shi a tafin hannu, ya ce ba shi da nauyi, in ɗauka.