BAYANI: Wa ke jagorantar bincike a wurin da aka aikata laifi, kuma yaya ake kaiwa ga wannan matsayi? Duba daga Wurno, Rabah da Goronyo

Da yammacin Lahadi, 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar mako ta Goronyo. Gwamnatin Jihar Sakkwato, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Shekara uku kafin nan, a watan Yulin 2018, an kashe fiye da mutum 30 a harin da aka kai ƙauyen Tabanni da ke gundumar Gandi a Ƙaramar Hukumar Rabah.

A idon jama'a waɗannan wurare ne na makoki. A idon doka kuwa kowannensu wurin aikata laifi ne, kuma abin da aka yi da shi a sa'o'in farko shi ke nuna ko wata rana za a iya tsayar da wani a gaban alƙali da hujjar da ba ta da makawa. Akwai jami'in da wannan nauyi ke wuyansa. Ba shi ake gani yana baje kolin waɗanda aka kama a gaban 'yan jarida ba, amma a hannunsa shari'a ke tsayuwa ko ta rushe.

Mene ne aikin?

Tushen wannan fanni ƙa'ida ce da ake jingina wa Edmond Locard, masanin da ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910: mai laifi ba ya shiga wuri ya fita ba tare da ya bar wani abu nasa ba, ko ya tafi da wani abu na wurin. Bahaushe bai jira Locard ba kafin ya san haka. Masu bin sawun dabbobin da aka sace sun daɗe suna karanta ƙasa, suna gane yawan shanu da inda aka nufa da su. Abin da aikin zamani ya ƙara shi ne rubutu da hoto da gwaji, ta yadda alƙalin da bai taɓa zuwa wurin ba zai gamsu.

Mai jagorantar bincike ba lallai ne ya tsinci kwanson harsashi da hannunsa ba. Aikinsa shi ne yanke shawara: iya ina za a killace, wa zai shiga, me za a fara ɗauka, wane ƙwararre za a kira, kuma yaushe za a sakar wa jama'a wurin. A Ingila wannan matsayi ne mai zaman kansa, mai horo na musamman. A Najeriya an rarraba nauyin ne a kan muƙaman da ke cikin rundunar 'yan sanda.

Su wa ke riƙe da shi?

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, don haka tsarin da ke Wurno shi ne a Legas. Babban ofishin 'yan sanda na yanki yana ƙarƙashin baturen 'yan sanda, wato DPO. A ƙasansa akwai jami'in da ke shugabantar sashen laifuka, DCO, wanda ke raba wa masu bincike aiki yana kuma duba fayil ɗinsu. Ɗan sandan da aka danƙa wa ƙara, IPO, shi ke zuwa wurin, ya ɗauki bayanan shaidu, daga baya ya tsaya a kotu ya ba da shaida. Akwai kuma mai ajiye kayan shaida, wanda ke riƙe da rajistarsu da makullin ɗakinsu.

Manyan laifuka irin su kisan kai, fashi da makami da garkuwa da mutane ba sa ƙarewa a ofishin yanki. Ana tura su sashen binciken manyan laifuka na jiha, CID, a birnin Sakkwato, wanda mataimakin kwamishinan 'yan sanda ke shugabanta. Daga nan fayil ke zuwa Ma'aikatar Shari'a, inda daraktan gabatar da ƙararraki ke ba da shawara ko hujjar ta isa a gurfanar da mutum a Babbar Kotu. Matsalar ita ce, kafin fayil ya isa Sakkwato, wurin da aka yi laifin ya riga ya sauya. Abin da jami'in Rabah ko Goronyo bai tattara a ranar farko ba, da wuya wani ƙwararre ya samo shi bayan mako guda.

Yadda ake tafiyar da wurin

Ceton rai ne kan gaba. Ba a barin mai rauni domin kare hujja. Bayan haka sai killacewa, a ware hanya ɗaya ta shiga da fita, a sa wani ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, komai girman muƙaminsa. Kafin a taɓa komai ana ɗaukar hoto hawa uku: na wurin gaba ɗaya, na tsaka-tsaki da ke nuna alaƙar abu da abu, da na kusa tare da ma'auni a gefe. Sannan a zana taswirar wurin.

Daga nan ake tattara kaya, ana fara wa da masu saurin lalacewa. Iskar hunturu ko ruwan damina na shafe sawun ƙafa da na tayar babur cikin ƙanƙanin lokaci. Tufafi mai jini akan shanya shi ya bushe a sa a takarda, domin leda na riƙe danshi ya ruɓar da shi. Kwanson harsashi na ɗauke da tabon bindigar da ta harba shi, don haka kwanson da aka tsinta a kasuwa ɗaya zai iya haɗa wannan hari da wani da aka kai wani gari, ko da bindigar da aka ƙwace bayan shekara guda. Su kuwa shaidu akan raba su kafin su haɗa baki ba da niyya ba, labarin wani ya shige cikin na wani.

Abu na ƙarshe shi ne silsilar riƙon shaida. Duk wanda ya yi karatun hadisi ya san darajar isnadi: ana tambayar wa ya ji daga wa, kuma in aka samu giɓi a tsakani sai ingancin ruwayar ya raunana. Haka kayan shaida suke. Dole takarda ta nuna wanda ya tsinci abu, wanda ya karɓa daga hannunsa, da inda ya kwana, har ranar da aka ajiye shi a gaban kotu. Giɓi ɗaya ya ishi lauyan wanda ake ƙara ya jefa shakku, alhali Dokar Shaida ta 2011 ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba.

Abin da ya bambanta gabashin Sakkwato

Littattafan koyar da wannan aiki sun ɗauka cewa maharan sun tafi, wurin kuma ya zauna lafiya. A ƙauyukan da ke bakin daji ba haka abin yake ba. Mai bincike na iya buƙatar rakiyar sojoji kafin ya isa, kuma zamansa ba zai yi tsawo ba. Harin Goronyo ya zo ne a lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, matakin da aka ɗauka a watan Satumban 2021, wanda ya sa kai rahoto ma ya zama aiki.

Na biyu, waɗanda ke fara isa wurin galibi ba 'yan sanda ba ne. 'Yan uwa ne, da maƙwabta, da 'yan banga, da jami'an rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar a 2024. Da kyakkyawar niyya ake kwashe gawarwaki, yara su tsince kwanso, a share jini. Saboda haka jami'i mai hangen nesa ba ya jiran ranar da abu ya faru, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da wuri yake zama da uwayen ƙasa, hakimai, limamai da shugabannin kasuwa, a fahimci abin da za a taɓa da wanda za a bari.

Na uku shi ne jana'iza. Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta binne mamaci, zafin yankin ma bai ba da damar jinkiri ba, kuma iyalai da yawa ba sa amincewa a yanka gawa. Wannan ba ya nufin a haƙura da hujja. Ƙa'idojin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ke koyarwa kan kula da gawarwaki masu yawa sun tanadi a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta kamanninta da tufafinta, a kuma rubuta inda aka binne ta. Ana iya ƙarawa da bayanin raunuka daga ma'aikacin lafiya. Duk wannan zai yiwu a cikin lokacin da ake haƙa kabari, in akwai wanda ya san aikinsa kuma jama'a sun yarda da shi.

Na huɗu shi ne nisan ɗakin gwaji. A watan Disambar 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni, inda 'yan sanda suka ce mutum 23 suka mutu. A irin wannan hali gwajin DNA ne ke iya tantance wane ne wane. Likitocin binciken gawa suna manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Cibiyar gwajin DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 kuwa, ban da nisanta, an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020.

Hanyar shiga aikin

Hanya ta farko ita ce shiga a matsayin kurtu. Ana neman ɗan shekara 18 zuwa 25 mai kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi. Daga kwanstabul ake hawa kofur, saje, sufeto, kuma da yawa daga cikin masu binciken da ke ofisoshin yanki ta nan suka biyo.

Ta biyu ita ce Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano, wadda ke da matsayin jami'a. Ana shiga ta hanyar jarrabawar JAMB da tantancewar makarantar, a yi shekara biyar, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda, ASP. Kimiyyar binciken laifuka na cikin fannonin da ake karantawa a can. Lokaci-lokaci kuma akan ɗauki masu digiri ko babbar difloma daga waje a ba su horon hafsoshi. Bayan shiga, akwai Kwalejin Horar da Masu Bincike a Enugu, da Kwalejin Manyan Jami'ai a Jos. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon naɗi da ƙarin girma, kuma ana ritaya bayan shekara 35 a aiki ko cika shekara 60 da haihuwa.

Ba kowa ne sai ya sa kaki ba. Fannin na buƙatar likitan binciken gawa, masanin gwaje-gwajen asibiti, masanin haɗa sinadarai, ƙwararren na'ura mai iya fito da bayanan wayar da aka nemi kuɗin fansa da ita, da lauyan gwamnati. Ga wanda zai jagoranci su kuwa, ilimin kimiyya kaɗai bai wadatar ba. Yana buƙatar iya rubutu mai tsabta, sanin dokar shaida, jin Hausa da Fulatanci in da hali, da ƙarfin zuciyar da zai ce wa babban mutum ya tsaya a bayan igiya.

Me ya sa ya shafi kowa?

Inda babu hujjar da aka tattaro daga wuri, bincike kan koma ga abu ɗaya, wato matsa wa wanda ake zargi ya amsa laifi. Doka ta toshe wannan hanya. Dokar Haramta Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi, Dokar Shaida kuma ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaukar iƙirari a bidiyo, da ba da bayani a gaban lauya ko wani wanda mutum ya zaɓa.

Sakamakon raunin bincike fuska biyu ne. Mai laifi na gaskiya kan kuɓuta a kotu don rashin hujja, marar laifi kuma ya shafe shekaru a gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Idan jama'a suka ga haka sai su yanke ƙauna daga kotu su ɗauki doka a hannunsu, ramuwar gayya ta haifi wata, kamar yadda aka sha gani a arewa maso yamma.

A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da doka, aka ware masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya domin horo da kayan aiki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ce a tura wa kowane ofishin yanki aƙalla ɗan sanda ɗaya wanda lauya ne. Waɗannan tanade-tanade sun ba matasan Wurno, Rabah da Goronyo tambayoyin da za su iya yi wa masu neman ƙuri'arsu, bayan alkawarin motocin sintiri. Masu bincike nawa ne a ofishin yankinsu suka samu horon kula da wurin aikata laifi? Akwai kyamara, safar hannu da ɗakin ajiyar kayan shaida mai rajista? Daga cikin waɗanda aka nuna wa 'yan jarida a bara, nawa aka gurfanar, nawa kuma aka yanke wa hukunci?