Kamfanonin Motoci da Mutuwar Taragon Lantarki a Biranen Amurka

Taragon lantarki, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin dogo a tsakiyar titi, ya kafu ne a birnin Richmond na Amurka a 1888, a hannun Frank Sprague. Kafin 1920 da wuya a sami babban birni a ƙasar wanda ba shi da shi, amma zuwa tsakiyar shekarun 1960 ya gushe, in ban da a 'yan birane irin su Boston da San Francisco. Abin da masana tarihi suke jayayya a kai shi ne: kashe shi aka yi, ko kwanansa ne ya ƙare?

Masu ra'ayin farko suna kafa hujja da kamfanin National City Lines, wanda aka kafa a 1936. General Motors da Firestone da Standard Oil na California da Phillips Petroleum da Mack Trucks duk sun zuba masa jari, bisa sharaɗin a wurinsu zai riƙa sayen bas-bas da tayoyi da mai. Da wannan kuɗi ya saye kamfanonin sufuri a birane da dama, ya maye gurbin tarago da bas a da yawa daga cikinsu. A 1947 gwamnati ta gurfanar da su, kuma a 1949 kotun tarayya a Chicago ta same su da laifin haɗa baki don mamaye cinikin bas-bas da kayayyakinsu. An ci kowane kamfani tarar dala 5,000, manyan jami'ansu kuwa dala 1 kacal. Rahoton da Bradford Snell ya gabatar wa wani kwamitin Majalisar Dattijai a 1974 shi ya yayata wannan ra'ayi.

Sai dai kotun ta wanke su daga tuhumar mamaye harkar sufurin kanta, kuma tarago ya daɗe yana jinya kafin zuwansu. Yarjejeniyar da birane da yawa suka yi da kamfanonin tarago ta ƙayyade kuɗin shiga a kan santi 5, ga kuma nauyin gyaran titin da dogo ya bi, alhali bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya komai ya yi tsada. Motocin gida sun cika tituna, suka hana tarago sauri. Bugu da ƙari, dokar tarayya ta 1935 ta sa kamfanonin wutar lantarki da dama suka rabu da taragon da a da suke tallafa wa. A Los Angeles, National City Lines ya sayi layukan cikin gari a 1945, amma hukumar gwamnati ce ta rufe na ƙarshe a 1963. Landan ma ta daina amfani da nata a 1952, ba da hannun General Motors ba.

A taƙaice, haɗa bakin ya tabbata, kuma ya gaggauta abin da ya riga ya soma. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumomi ne suka bar sufurin jama'a a hannun 'yan kasuwa ba tare da tallafi ba, suka kuma karkatar da dukiyar ƙasa wajen gina manyan hanyoyin mota, musamman bayan dokar 1956. Los Angeles ta sake buɗe layin dogo zuwa Long Beach a 1990, da kuɗin harajin jama'a.